SHARHI: Ƙin Sabunta Haya Haƙƙin Mai Gida Ne, Amma Yana Da Ƙa'ida

A duk lokacin da wa'adin haya ya kusa cika a manyan biranen ƙasar nan, musamman Legas, Abuja, Ibadan da Fatakwal, masu kula da gidajen haya kan fuskanci wata shawara mai nauyi, wato ko a sabunta wa ɗan hayar da ya zame wa gida alaƙaƙai, ko kuwa a sallame shi a nemi wani. Al'amarin ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu. Da yawa daga cikinsu sun zuba jari a gidaje da shaguna, sun danƙa su a hannun wakilai saboda nisa ko yawan hidima, wasu kuwa su ne 'yan hayar, kamar yadda ake gani a Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, ko unguwar Sabo a Ibadan.

Ko shakka babu, wakilin da ya ƙi sabunta wa ɗan haya mai wahalarwa bai aikata laifi ba, hasali ma sau da yawa sauke amanar da aka ɗora masa ya yi. Yarjejeniyar haya ciniki ce mai wa'adi, kuma babu wanda ya isa ya tilasta wa mai dukiya ya sake shiga cinikin da ya riga ya ga asararsa. Sai dai wannan haƙƙi yana tafe da sharuɗɗa uku: dalilin ya kasance na gaskiya, a bi hanyar da doka ta tanada, sannan a fara shiri da wuri. Wakilin da ya saki ɗaya daga cikinsu yakan jawo wa mai gida asarar da ta fi wadda yake gudu.

Abu na farko shi ne a tantance wane ne ɗan haya mai wahalarwa, domin kalmar ta zama bargon da ake rufe abubuwa da yawa da shi. Wanda ya saba jinkirta biyan kuɗi, ko ya ɓarnata gini, ko ya sa wani a ɗaki ba da izini ba, ko ya mayar da gidan kwana ma'ajiyar man fetur, ko ya hana maƙwabta sakat, ko ya ƙi biyan kasonsa na wuta da ruwa da kwashe shara, wannan ya cancanci sunan. Amma wanda laifinsa kawai shi ne yawan tunatar da wakili cewa rufi na yoyo, ko neman rasit a duk lokacin da ya biya kuɗi, wannan haƙƙinsa yake nema. Irinsa ma yakan amfani mai gida, domin yoyon da aka toshe bana ya fi arha a kan silin da za a sake baɗi.

Bayan an tantance, sai a koma ga lissafi, domin fushi ba ya cikin littafin ciniki. A ɗauki misalin gidan da ake haya Naira miliyan 1 da dubu 200 a shekara, wato Naira dubu 100 a kowane wata. Idan aka sallami ɗan haya, gidan ya zauna wata 3 babu kowa, an yi asarar Naira dubu 300, ban da kuɗin fenti da gyare-gyaren da sabon ɗan haya zai nema kafin ya shiga. A ɗaya ɓangaren kuma, jinkirin biya yana da tasa asarar da ba a gani da ido. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na shekarar 2024. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka jinkirta biya har wata 6 yakan rasa kusan kashi 14 cikin 100 na darajarsa, wato kimanin Naira dubu 168 daga wancan kuɗin haya. Ma'ana, mai gida ya ba ɗan haya bashin da babu riba, alhali farashin siminti da kwanon rufi da ladan magina bai tsaya jiran kowa ba tun bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar Naira a shekarar 2023.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan girma a gidajen da ke da 'yan haya da yawa. Mutum ɗaya mai fitina yana iya korar nagartattu uku, kuma nagartaccen ɗan haya ba ya yawan ƙorafi kafin ya tashi, sai dai a wayi gari ya miƙa makulli. Wakilin da ya sabunta wa mai fitina domin gudun rigima ya ɗage rigimar ce zuwa wata shekara, ya kuma ɗora kuɗinta a kan sauran mazauna gidan. Masu iya magana na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan shawara ta tsaya a kan sallama, to, daga nan doka ce ke da magana. Harkar haya tana ƙarƙashin dokokin jihohi ne, saboda haka wajibi ne wakili ya san dokar jihar da gidan yake. A Jihar Legas, Dokar Haya ta shekarar 2011 ta tanadi cewa idan yarjejeniya ba ta faɗi tsawon notis ba, ɗan hayar wata-wata yana da notis na wata 1, mai biyan wata uku-uku ko wata shida-shida yana da wata 3, mai biyan shekara-shekara kuwa yana da wata 6. Dokar ta keɓe unguwannin Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island daga hurumin tanade-tanadenta. A Babban Birnin Tarayya Abuja ma, dokar karɓar gidaje daga hannun 'yan haya ta ba mai biyan shekara-shekara notis na rabin shekara.

A nan ne bambancin da wakilai da yawa ba su kula da shi ba yake. Hayar da aka rubuta mata ranar farawa da ranar ƙarewa takan mutu da kanta idan ranar ta cika, kuma dokar Legas ta 2011 ta ce ba a buƙatar notis na tashi a kanta, sai dai takardar kwana 7 da ke sanar da ɗan haya niyyar mai gida ta zuwa kotu domin karɓar gidansa. Amma hayar da aka bari tana juyawa shekara bayan shekara ba tare da sabuwar takarda ba, ita ce ke buƙatar notis na wata 6, sannan takardar kwana 7 ta biyo baya. Ke nan wakilin da ya tuna da maganar sallama saura wata 1 wa'adi ya cika ya riga ya makara. Haka kuma karɓar kuɗin sabuwar shekara bayan wa'adi ya cika yana iya buɗe wa ɗan haya ƙofar da'awar cewa an ƙulla sabuwar haya. Abin da doka ta amince mai gida ya nema shi ne kuɗin zaman da aka yi bayan wa'adi, kuma ya kamata a rubuta shi da wannan suna a kan rasit. Bugu da ƙari, ya kamata wakili ya riƙe rubutaccen izini daga mai gida kafin ya sa hannu a kan takardar kwana 7, domin rashin wannan izini ya sha rusa ƙararraki a kotu.

Gaskiya ne cewa Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes da ta yanke a shekarar 2021, ta nuna cewa bai kamata ɗan haya ya riƙa fakewa da 'yar tangarɗa a cikin notis yana cin gajiyar gidan wani ba. Amma darasin da ya fi girma a wannan shari'a shi ne tsawon lokacinta, domin ta shafe fiye da shekara 25 tsakanin babbar kotu da Kotun Ƙoli. Wakili mai hankali ba zai rubuta notis da ganganci yana dogaro da cewa alƙalai za su gyara masa ba.

Wannan jinkiri na kotuna shi ne ke ingiza wasu ga ɗaukar doka a hannunsu. Ana yaye kwanon rufi da damina, ana yanke wuta da ruwa, ana sauya kwaɗo, ana ɗauko 'yan daba su watsar da kaya a titi. Duk waɗannan haramun ne ko da wa'adi ya cika, ko da ana bin ɗan haya bashin shekara biyu. Dokar Legas ta 2011 ta tanadi tarar da za ta iya kai Naira dubu 250 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi ko ya lalata gini domin ya kore shi, ban da diyyar da ɗan hayar zai iya nema. Tun a shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda fitar da Cif Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Idan gwamnatin soja ba ta da wannan iko, wakilin gida ba shi da shi. Kai ƙara ofishin 'yan sanda ma ba mafita ba ce, domin Dokar 'Yan Sanda ta shekarar 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da hurumin fitar da ɗan haya, bayan alƙali ya ba da umarni.

Sai dai adalci ya buƙaci a saurari ɓangaren 'yan haya, domin ƙorafinsu yana da tushe. Na farko, wakili yana da wata maslaha ta kansa a cikin sauya ɗan haya. Sabon ɗan haya yakan biya la'ada da kuɗin rubuta yarjejeniya, tsohon da ya sabunta kuwa ba ya kawo wa wakili irin wannan riba. Saboda haka ya kamata duk mai gidan da wakilinsa ya kawo masa shawarar sallamar wani ya nemi ganin hujja a rubuce: ranakun da aka biya kuɗi, wasiƙun gargaɗi, hotunan ɓarna da koken maƙwabta. Idan babu ko ɗaya, to, akwai alamar la'ada ce ke magana.

Na biyu, akan yi amfani da sunan fitina a kori mutum domin a ninka kuɗin haya, ko saboda ƙabilarsa ko addininsa, ko don mace ce marar aure. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana cutar da baƙi a biranen ƙasar nan, 'yan Arewa a Kudu da 'yan Kudu a Arewa, alhali sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya. Ta fuskar kasuwanci ma wauta ce, domin mai gidan da ya rage yawan masu neman gidansa da hannunsa ya rage wa kansa farashi.

Na uku, hayar shago ta sha bamban da ta gidan kwana. Ɗan kasuwar da ya shekara 10 a wuri guda ya tara abokan ciniki da suka san ƙofarsa, kuma wannan suna jari ne da ba a ɗora shi a mota. Ko da doka ta ce kwana 7 sun isa, mutunci da sanin ya kamata sun buƙaci a sanar da shi tun da sauran watanni, domin ya sami wurin komawa ya kuma sanar da masu sayen kayansa.

Hanyar da ta fi dacewa ga wakili a fili take. Ya buɗe fayil ga kowane ɗan haya tun ranar shigarsa, ya riƙa yin gargaɗi a rubuce lokacin da laifi ya faru. Ya kai wa mai gida shawara aƙalla wata 7 kafin wa'adi, domin gidan ba nasa ba ne, kuma mai gida ne ke da ta cewa. Takardar sallama ta kasance gajeriya, mai ɗauke da ranar tashi da yadda za a miƙa makulli, babu zagi babu gori, domin duk kalmar da aka rubuta cikin fushi tana iya zama shaida a gaban alƙali. A duba gidan tare da ɗan haya ranar fita, a karanta mita, a mayar masa da ragowar kuɗin ajiyarsa bayan an cire na ɓarna. Inda ya nemi ƙarin wata ɗaya ko biyu, a ba shi a rubuce. Yafe wani ɓangare na bashi domin a karɓi makulli cikin lumana sau da yawa ya fi arha a kan kuɗin lauya da shekara guda ta zirga-zirgar kotu. A Legas akwai Cibiyar Sasanta Jama'a ta gwamnatin jiha da ke sauraron irin waɗannan rigingimu kyauta, a wasu wurare kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa sun daɗe suna wannan aiki.

Akwai kuma nauyi a kan hukumomi. Muddin karɓar gida ta hanyar kotu zai riƙa cin shekaru, masu gidaje za su ci gaba da kare kansu ta hanyar neman kuɗin shekara biyu a dunƙule da tsananta sharuɗɗa, kuma nagartattun 'yan haya ne ke biyan kuɗin laifin da ba su yi ba. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware kotunan haya masu ƙayyadadden lokacin yanke hukunci. Ita ma hukumar rajistar masu kula da gidaje da kimanta kadarori, wadda aka kafa da doka ta 24 ta shekarar 1975, tare da ƙungiyar ƙwararrun wannan sana'a, ya dace su tsananta hukunci a kan duk mambansu da aka samu da korar ɗan haya da ƙarfi ko don kwaɗayin la'ada.

Daga ƙarshe, 'yan kasuwar da suka danƙa gidajensu ga wakilai su sani cewa duk abin da wakili ya aikata da sunansu, su ne kotu za ta fara nema. Ya kamata kowane mai gida ya zauna da wakilinsa tun yanzu, su duba takardun haya ɗaya bayan ɗaya, su san wace ce ke da ranar ƙarewa da wadda ke juyawa, kafin wa'adi na gaba ya riske su.