Daga Bakin Rumfa: Nankarwar Ciki, Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

 

Makon nan maganar nankarwa zan yi, wato layi-layin nan da ke fitowa a cikin mace da cinya da ƙugu da mama idan ciki ya tsufa. Na san wani zai ce, "Alhaji, kai da furfurarka, ina ruwanka da zancen mata?" To ruwana biyu ne. Na farko, na haura shekara ashirin ina sayar da kayan shafa, sari da ɗai-ɗai, kuma da wuya mako ya wuce ba a zo rumfata neman man nankarwa ba. Na biyu, zaman baƙunta ba kamar zaman gida ba ne. A gida yarinya mai cikin fari tana da uwa, da gwaggo, da kaka da za su dubi cikinta su ce, "Ke, kwantar da hankalinki, mu ma haka muka yi." A zango kuwa, sai waya, sai maƙwabciya, sai abin da mai kanti ya faɗa mata. Mai kantin nan kuwa mu ne. Mai sayowa a kawo gida kuma galibi maigida ne.

Daga ina nankarwa ke zuwa?

Fatar mutum hawa-hawa ce. Akwai ta sama da muke gani muke shafa wa mai, akwai kuma ta ƙarƙashinta mai kauri, wadda ke ɗauke da wasu zarurruka masu talewa su koma. Duk wanda ya taɓa sayar da robar wando ya san yadda abin yake: in aka ja ta da ƙarfi fiye da kima, zaren ciki ne ke tsinkewa, yadin da ya lulluɓe ta kuwa yana nan bai yage ba, sai dai ka ga ya yi tattara. Haka nankarwa take. Ciki na girma da sauri, sinadaran da jiki ke ƙara fitarwa lokacin goyon ciki suna sassauta zarurrukan nan, sai su tsattsage daga ciki. Abin da ido ke gani a sama tabon wannan tsagewa ne.

Likitoci sun ce daga rabi zuwa kashi 90 cikin ɗari na masu ciki suna samun ta, yawanci daga wata na shida ko na bakwai. Daga cikin abubuwan da suka fi ƙarfi wajen kawo ta akwai gado. In uwa ko yaya ta yi, to akwai yiwuwar ita ma za ta yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ƙuruciya, domin masu haihuwa da ƙananan shekaru sun fi samun ta. Sai girman jariri, da tagwaye, da ƙiba mai hawa lokaci guda. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba sakaci ba ne, ba kuma hannun wani ba ne.

Shin akwai man da ke hana ta?

Nan ne wasu abokan sana'ata za su ji haushina, amma gaskiya ɗaya ce. A 2012 ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitoci su tace shi, sun duba gwaje-gwaje shida da aka yi a kan mata 800. Ba su sami hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa wani man shafawa na hana nankarwa fitowa ba. Man koko, wanda mu mazauna Gana muke alfahari da shi, an gwada shi a Labanon a 2008: an ba wasu mata man kokon, an ba wasu man da babu koko a ciki, nankarwa ta fito wa ɓangarorin biyu kusan daidai. Man zaitun ma an gwada, bai hana ba. Dalilin a fili yake. Tsagewar a ƙasa take, man kuma a sama yake tsayawa.

Wata za ta ce, "Ai ni na shafa man kaza tun wata uku, kuma ko layi ɗaya ban yi ba." Na yarda, Hajiya. Amma ki tambayi mahaifiyarki, wataƙila ita ma ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa ganin kwalbar nan ba.

Wannan ba ya nufin a daina shafa mai. Fatar mai ciki tana bushewa, tana ƙaiƙayi, musamman da hunturu. Man kaɗanya tsantsa, irin wanda ake kawowa daga Tamale da Burkina da arewacin Najeriya, ko man kwakwa, ko basilin, suna tausasa fata su rage ƙaiƙayi. A shafa bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba, a murza a hankali. Amfaninsa ke nan, kuma ya isa. Kwalba mai hoton Baturiya da aka rubuta wa "stretch marks" ko "anti-vergetures" ta ninka man kaɗanya kuɗi sau da yawa, amma babu tabbacin ta fi shi aiki. Sidi ko sefar da za a zuba a kanta gara a sa a ƙwai da kifi da kuɗin motar zuwa awo.

Abin da ke hannunmu

Abu ɗaya da ake iya kulawa da shi shi ne yadda nauyi ke hawa. Ga mace mai matsakaicin jiki, ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a duk tsawon cikin, a hankali, ba lokaci guda ba. Mai ƙiba tun asali ƙasa da haka, siririya kuma sama da haka. Ma'aikatan awo su ne za su faɗa wa kowace nata gwargwado, shi ya sa suke ɗora ta a sikeli duk zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa.

A rage lemon kwalba da kayan zaƙi da soye-soye. A yawaita wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, zogale, alayyafo, lemo da gwanda, a sha ruwa sosai, a riƙa ɗan tattaki. Amma fa a kula: kada wata ta ce za ta ƙuntata wa kanta abinci don gudun nankarwa. Jariri ne zai biya wannan bashin. Ko an kiyaye duk wannan, nankarwa na iya fitowa, sai dai a rage yawanta.

Inda haɗarin yake

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan maganar nan shi ne wannan. Mai ciki takan yi duhu, a fuska, a wuya, a hammata, har wani baƙin layi ya sauko daga cibiya zuwa ƙasa. Wannan layin ba nankarwa ba ne, kuma shi da duhun yawanci suna washewa da kansu 'yan watanni bayan haihuwa. Amma yarinya ta dubi madubi ta ga ta yi duhu, ga nankarwa ta fara, ga suna na matsowa za a yi hotuna a tura gida. Sai ta nufi kasuwa, ko ta yi oda a WhatsApp, a haɗa mata "man haɗi" a roba marar suna, wai yana goge nankarwa yana kuma sa haske.

Me ake zubawa a haɗin nan? Sau da yawa 'yan ƙananan tub ɗin nan ne masu kama da man goge haƙori, waɗanda in ka duba jikinsu za ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, likita ke rubuta su don wasu cututtukan fata na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shafa su, fata na yin siririya, kuma su da kansu suna haifar da nankarwa, mai faɗi, mai zurfi, a hammata da damtse da cinya, wadda ta fi ta ciki muni nesa ba kusa ba. Wato an sayi cutar da sunan magani. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe ma da yawansu sitiroyid ne, aikinsu ɗaya.

Abin bai tsaya a fata ba. A Dakar an yi bincike da aka buga a 2007 a kan masu ciki 99. Fiye da kashi biyu cikin uku suna shafa man bilicin, kuma masu shafa sitiroyid mai ƙarfi an ga mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, sun kuma fi haifar jarirai marasa nauyi. Wasu mayukan da sabulan haske suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ake rubutawa mercury ko mercure in ma an rubuta. Yana shiga jini, ya kai ga ɗan da ke ciki, ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya kuma lalata ƙodar uwa. Hydroquinone ma jiki na tsotsar sa da yawa, don haka ake hana masu ciki. Akwai kuma tretinoin da retinol, waɗanda ake tallatawa musamman don nankarwa: likitoci sun ce mai ciki ta nisance su, domin magungunan danginsu suna jawo nakasa ga jariri. A 2018 har sai da hukumar abinci da magunguna ta Gana ta gargaɗi masu ciki a kan shan ƙwayoyi wai don a haifi jariri fari.

Maigida, ka rubuta sunayen nan shida a takarda ka sa a aljihu, ko ka ɗauki hotonsu a waya. Ko ba ka jin Turanci ko Faransanci, ido na iya gane kalma a jikin kwali. Robar da babu rubutu a jikinta kuwa, kada ma ta shigo gidanka.

Gare mu masu sayarwa

Na san ribar tub ɗin nan, kuma na san yadda suke tsallaka iyaka a ƙarƙashin wasu kaya. Amma mu tuna Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin tun 2015, Gana ta hana masu hydroquinone a 2016, Kamaru ma ta ɗauki irin wannan mataki a 2022. Baƙo a ƙasar mutane, in aka kama shi da haramtattun kaya, ba kayan kaɗai yake rasawa ba, sunan zango gaba ɗaya yake ɓatawa. Ko ba don hukuma ba, macen da ta tsaya gaban rumfarka da tsohon ciki 'yar wani ce kamar taka. Ni abin da nake yi, in ce mata, "'Yata, wannan ba naki ba ne yanzu. Ga man kaɗanya, in kin sauka lafiya ki ga likitan fata." Wata ta ji, wata ta wuce rumfar gaba. Wadda ta ji kuwa, ita ce ke dawowa da ƙawayenta shekara da shekaru.

Gare mu mazaje

Yawancin matan da ke zuwa neman man nan, in ka saurare su da kyau, ba nankarwar ce ke damunsu ba. Magana ce aka yi musu. Wani da wasa ya ce, "Kai, wannan ciki kamar an yi zane da ƙusa." Shi ya manta kafin ya kai kasuwa, ita kuwa ta kwana da ita, ga ta nesa da iyayenta, ga tsoron kada a ce za a ƙaro mata abokiyar zama. Washegari sai ka gan ta wajen mai haɗi. Alhaji, layin nan wajen ɗauko maka ɗa aka same shi. In ba za ka iya cewa sannu ba, to ka yi shiru. In ka iya cewa, "Ni ban ga abin damuwa ba, ki bar shi," wallahi ka yi rigakafin da ya fi na kowace kwalba a rumfata.

Ku kuma iyaye mata, ku sani nankarwa tana dusashewa. Cikin wata shida zuwa shekara bayan haihuwa launinta na kwantawa, ta koma siraran layuka da ba a cika lura da su ba. Ba ta ɓacewa ƙurmus, kuma duk wanda ya ce zai goge ta cikin kwana bakwai kuɗinki yake so. Wadda abin ya ci gaba da damunta, bayan haihuwa da yaye likitocin fata suna da magunguna da na'urori masu rage ta.

Ƙaiƙayin da ba a wasa da shi

Ɗan ƙaiƙayi a inda fata ke talewa ba komai ba ne. Amma in ya tsananta a tafin hannu da tafin ƙafa, ya fi ƙarfi da dare, babu ƙuraje, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, to a tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama matsalar hanta mai haɗari ga jariri. Haka in nauyi ya hau cikin 'yan kwanaki tare da kumburin fuska da hannu, ciwon kai ko gani dishi-dishi: wannan alamar hawan jinin masu ciki ce, ba ta jiran a tashi kasuwa. A rufe rumfa a kai ta.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu, Ya sa albarka a nemanmu. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hannun edita kamar kullum. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.