HAKKIN MAKAƊI: INA KUƊIN WAƘA KE SHIGA?

Jama'a, ranar kasuwa na ratsa Birnin Kebbi tun daga rumfar masu shinkafa har tashar motocin Argungu, ban wuce rumfa uku ba tare da na ji muryar Shata, ko Ɗanƙwairo, ko Sani Aliyu Ɗandawo tana tashi ba. Sai na tambayi kaina, shin cikin wannan ciniki duka ko anini yana isa gidajen mutanen nan?

Ku saurara ku ji asalin maganar. A da makaɗi yana waƙa ne gaban ubangidansa, a ba shi riga ko doki, magana ta ƙare. Da faifai da rediyo suka zo, sai murya ta riƙa zuwa inda mai ita bai taka ba, waɗansu suna cin riba da ita. A Faransa aka fara neman magani. Cikin 1847 wani mai tsara waƙa, Ernest Bourget, ya kai ƙarar mai gidan shaye-shaye a birnin Faris, don ana rera waƙoƙinsa a jawo masu saye, shi kuwa ba a ba shi kome. Alƙali ya ba shi gaskiya. Cikin 1851 mawaƙan ƙasar suka kafa ƙungiyar SACEM, watau ta karɓi kuɗin lasin daga masu amfani da waƙa ta raba wa masu ita. Ingila ta kafa tata, PRS, cikin 1914.

To, mu fa? Da fari PRS ce ke karɓa a ƙasar nan ta hannun waɗansu lauyoyi a Ikko. Cikin 1984 aka kafa MCSN, ta 'yan ƙasa. Cikin 1988 aka yi sabuwar dokar hakkin mallaka. Sa'an nan rigima ta tashi a kan wa ke da ikon karɓa. Cikin 2010 Hukuma ta ba COSON lasin ita kaɗai, cikin 2017 aka amince da MCSN, cikin 2018 kuma aka dakatar da lasin COSON. Shekara da shekaru ana hawa da sauka a kotunan Ikko. Idan giwaye na faɗa, ciyawa ke shan wuya. Ciyawar kuwa ita ce mai kotso da mai kalangu da mai gurmi.

Ga abin da ba a gaya wa talaka: doka ta ce hakkin waƙa yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Shata ya rasu cikin 1999, ke nan magadansa suna da hakki har 2069. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, nasa sai 2061. Wannan gado ne kamar gona, ba sadaka ba.

Na san mai shayi zai ce, "Malam, haraji ya ishe mu, za ka jawo mana wani?" A'a, ɗan'uwana. Ba mai ɗan akwatin rediyo a gindin teburi muke nufi ba. A fara da manya: gidajen rediyo da talabijin, da manyan otal, da kamfanonin waya masu sayar da waƙa. Kuma duk wanda ya zo rumfarka da sunan ƙungiyar mawaƙa, ka ce ya nuna takardar Hukuma, ya ba ka rasit. In babu, kada ka ba shi ko sisi.

Ku kuma makaɗanmu na Kabi da Gwandu da Yawuri, ƙungiya ba ta raba wa wanda ba ya cikin littafinta. Ku haɗa kai, ku rubuta sunayen waƙoƙinku da na iyayenku, ku yi rajista, ku nemi a buɗe ofis a Arewa, a kuma riƙa karanta muku lissafin kuɗi da Hausa kowace shekara. Wanda bai je rabo ba, ƙashi ake ajiye masa.

Abin da ya sa na damu shi ne, makaɗin da abincinsa ke hannun mutum guda dole ya yabi mutumin nan, ko da azzalumi ne. Ranar da waƙarsa ta ciyar da shi, ranar ce bakinsa zai zama nasa. Allah ya nuna mana.

Naku,
Magatakarda, Birnin Kebbi.