Ciwon Kan Da Farasitamol Ba Ya Warkarwa



Kwanakin baya wata Bafulatana daga yankin Mashegu ta zo shagona a Kwantagora karo na uku cikin wata guda, tana neman farasitamol don ɗanta mai shekara 15. Na ce, "Inna, me ke damun yaron nan?" Ta ce ciwon kai ne da rashin barci, kuma ya daina son zuwa makaranta. Da na ja shi da hira, sai ya ce 'yan ajinsu ba sa kiran sunansa, sai dai "ɗan bindiga".

Mutanen Mashegu sun sha wuya, ba wanda ya manta harin masallacin Mazakuka na Oktoban 2021. Amma yaron da ke zaune a aji ba shi ya kai harin ba.

Kada ku ɗauka gori a kunne kawai yake tsayawa. A 2014, Farfesa Gene Brody, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jojiya ta Amurka, ya wallafa binciken da shi da abokan aikinsa suka yi kan matasa baƙar fata 331 mazauna karkara. Waɗanda suka sha wariya tsakanin shekara 16 zuwa 18, da suka kai 20 sai awon jini, fitsari da nauyi ya nuna jikinsu ya fi na sauran galabaita. Dalili kuwa, fargaba tana sa jiki sakin sinadarai irin su kotisol da adirenalin, masu ƙara bugun zuciya da hawan jini. Idan kullum ne, jiki ba ya hutawa.

Abin farin ciki, ba a ga wannan illar ba a jikin waɗanda iyaye da abokai suka tsaya musu.

Saboda haka, idan ɗanku yana yawan kukan ciwon kai ko ciki ba zazzaɓi, ku kai shi asibiti a duba, sannan ku zauna ku saurare shi. Yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana jawo ciwon kai. Idan gori ne, ku je ku ga shugaban makaranta.

Mu kuma kula da bakinmu a gida. Abin da muke faɗa kan Bafulatani ko Bakambare, shi yaranmu ke kaiwa aji. Magana zarar bunu ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.