Cinikin Biri A Sama: Masu Motocin Tsaskiya Da Kayan Gyaran Da Ake Saye Ta Waya

Duk wanda ya san Tsaskiya da sauran garuruwan ƙasar Safana da Batsari ya san mota a wannan yanki ba kayan ƙawa ba ce. Ita ke kwasar gero da dawa da masara zuwa kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti a Dutsin-Ma ko Katsina, kuma da ita magidanta da yawa ke ciyar da iyalinsu. Saboda haka ranar da injin ya buga ko giya ta ƙi shiga, wahalar ba ta tsaya a kan mai motar kaɗai ba, ta shafi gari ne baki ɗaya.

A da, in irin wannan ta faru, mai mota kan ɗauki bakanikensa su nufi Katsina. In ba a dace ba su zarce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Can za a ɗaga ƙarfe a juya shi, a taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama. Yanzu kuwa zamani ya kawo wata hanya. Daga zaune mutum zai buɗe Facebook ko WhatsApp ko Jiji, ya ga hoton abin da yake nema a hannun wani ɗan kasuwa da ke Kano ko kasuwar Ladipo ta Ikko, ya aika da kuɗi, a ɗoro masa kaya a motar haya.

Ba shakka akwai sauƙi a cikin wannan. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota zuwa Kano da dawowa na mutum biyu ya zama abin da sai an yi shawara. Ga kuma halin da hanyoyin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 shi ma ya koya wa mutanen karkara aika kuɗi ta waya. Amma sauƙin nan ya zo da nasa ciwon kai, kuma babba daga ciki shi ne rigima a kan farashi.

Ga misalin yadda takan kasance. A ce direba ya yi ciniki da mai kaya a kan injin, an daidaita a kan Naira 400,000, ya aika da rabi a matsayin kafin alƙalami. Kwana biyu bayan haka sai a bugo masa waya a ce Dala ta tashi, sai ya ƙara Naira 60,000, sa'an nan kuɗin ɗauko kaya zuwa tasha da na lodi ba sa cikin lissafi. In ya ce ya fasa, a ce kuɗin da ya shiga ba ya fita. In ya daure ya cika, kayan ya iso, bakanike ya buɗe, sai a tarar ba ɗan Beljiyam ba ne kamar yadda aka faɗa, tsohon injin ne da ya gama aiki a nan gida, aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti.

Adalci ne a saurari hujjar 'yan kasuwa. Kayan gwanjon nan daga Turai da Amurka da Japan ake shigo da su, da kuɗin waje ake sayensu. A watan Mayu na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Ɗan kasuwar da ya sayar a tsohon farashi a wancan lokaci bai iya mayar da irin kayan a shagonsa ba. Har wa yau, su ma masu saye ba dukansu ne tsarkaka ba. Akwai mai aika saƙon banki na ƙarya, akwai wanda bakanikensa zai lalata kaya wajen ɗaurawa, sa'an nan a mayar a ce da ma haka ya zo. Akwai kuma bakaniken da ke haɗa baki da mai kaya a ɗora masa la'ada a ɓoye, mai mota ya biya bai sani ba.

To, amma duk da haka, tashin Dala hujja ce ta sa sabon farashi kafin ciniki, ba hujjar warware cinikin da aka riga aka ƙulla ba ce. Wanda ya ce ya sallama, ya kuma karɓi kafin alƙalami, ya ɗaure kansa da bakinsa. Ai ba a taɓa jin ranar da Dala ta sauko mai kaya ya bugo waya ya ce zai mayar da rara ba. Ribar da yake ci in kasuwa ta yi masa kyau ita ce ladan hasarar da zai ɗauka in ta juya masa baya.

Kuma wannan ba sabon hukunci ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai tun kaka da kakanni, ya halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki in an siffanta shi, ya kuma ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa, ta hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in ya saɓa da yadda aka siffanta. Abin takaici shi ne direban Tsaskiya bai taɓa jin labarin wannan doka ba, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Mai saye ya daina cinikin biri a sama. Kafin ya aika da ko kwabo, ya nemi a rubuta masa a saƙo jimlar kuɗi har da na mota, da lambar kayan, da ko ɗan Beljiyam ne ko na gida, da yawan kwanakin gwaji. Ya sa a nuna masa kayan ta wayar bidiyo bakanikensa na kallo, ya kuma adana saƙonnin da takardar banki, domin su ne shaidunsa in magana ta kai gaban alƙali. In ya ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, ya tuna araha ba ta ado.

Shugabannin Ƙungiyar Direbobi ta NURTW a Safana da Batsari su ma suna da abin yi. Motocin 'ya'yan ƙungiyar ne ke ɗauko kayan nan daga birane. Ba abu ne mai wuya ba su ƙulla yarjejeniya da shugabannin kasuwannin kayan gyara, a san amintattun 'yan kasuwa da shagunansu, a riƙa ajiye cikon kuɗi a hannun wakili har sai kaya ya iso an gwada. Shugabannin kasuwa kuwa su sani mutum ɗaya marar amana yana iya ɓata sunan layi guda, don haka su riƙa hukunta shi tun kafin 'yan sanda su shigo. Ita kuma Hukumar FCCPC, tare da Gwamnatin Jihar Katsina, ya kamata su yi amfani da gidajen rediyo su bayyana wa jama'a haƙƙinsu da Hausa, su kuma sanar da hanyar kai ƙara wadda talaka zai iya bi ba sai ya je Abuja ba.

Kada a ɗauki wannan magana ƙarama. A wani wuri, ruɓaɓɓen kayan gyara hasarar kuɗi ce kawai. A hanyar Tsaskiya kuwa, motar da ta mutu a daji da almuru cike da fasinja, rayuka ne aka sa cikin haɗari. Ɗan kasuwar da ya san haka ya kuma aika da abin da ya san ba shi da kyau, ya shirya amsar da zai bayar, in ba a gaban hukuma ba, to, a gaban Mahaliccinsa.