Saƙon Da Ba Shi Da Uba

Kwanakin baya ina Kwanar Ɗangora ina jiran motar Tudun Wada, sai wani saƙon murya ya shiga yawo a wayoyin mutane, wai 'yan fashi sun tare hanya a dajin Falgore. Nan take direbobin Doguwa da na Jos suka kashe motocinsu. Wani dattijo da ke zaune a kan benci ya dubi saurayin da ya kunna saƙon, ya ce, "Yaro, wa ya faɗa?" Saurayin ya ce, "Wallahi Baba, ni ma turo mini aka yi." Sai da motoci suka yi ta fitowa daga dajin lafiya lau, sannan aka gane tsohon saƙo ne wani ya sake tayarwa.

Tambayar dattijon nan ita ce ta hana ni sakat. Mu Hausawa ba yau muka fara isar da saƙo ba, kuma kowace hanya tamu tana da mai ita. Idan sanƙira ya fito da magariba yana cewa Sarki ya gaishe ku, kowa ya san maganar daga hakimi ta sauko wa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Idan aka ji kalangun mahauta, an san an yanka sa. Gangar noma tana kiran matasa gayya, tambari kuwa ba a buga shi sai don sarki. Wasiƙar ajami tana zuwa da sunan mai ita, ta sarauta kuma da hatimi.

Akwai ma saƙon da ba ya buƙatar baki. Ina yaro, mahaifiyata takan ƙulle goro a ganye ta aike ni gidajen dangi gayyatar suna. Sai na cire takalmi, na durƙusa, na gaida masu gida, sannan na miƙa. Goron da durƙuson sun gama faɗin rabin maganar. Haka hararar uwa ɗaya takan tsayar da yaro a gaban baƙi.

Zamani ya kawo nasa, kuma alheri ne. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. Yau manomin masara a Riruwai yakan ji farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Masunci a Tiga yakan kira mai saye tun yana cikin kwale-kwale. Ɗan ci-rani a Legas yakan ga fuskar tsohuwarsa a Kiru.

Abin da muka yi sakaci da shi shi ne ɗaukar alhakin magana. Sanƙira ba ya ƙarya, domin gobe zai haɗu da mutanen gari a masallaci. Mai turo saƙo a WhatsApp kuwa yana ganin ba ruwansa. Ga sojojin baka suna cin mutuncin juna a rediyo da Facebook saboda siyasa, alhali ba mu manta da rayukan da aka rasa a Tudun Wada lokacin zaɓen 2023 ba. Magana zarar bunu ce, kuma wuta ba ta tambayar wanda ya fara hura ta.

Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Ina roƙon limamanmu su riƙa tunatar da wannan a huɗuba, dagatai da masu unguwanni su riƙa gaggawar ƙaryata ji-ta-ji-ta, gidajen rediyo kuma su tace abin da suke sayar wa fili.

Kai kuma mai karatu, duk saƙon da ya shigo wayarka, yi masa tambayar dattijon Kwanar Ɗangora. Idan ba a san ubansa ba, bar shi ya mutu a hannunka.