Gyara Hoton Kirinjijiya Da Hannunka, Kada Ka Bar Wa AI

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kirinjijiya da waya a fadamun Gulbin Rima ya san abin: wani siririn layi mai launin shunayya ko kore a gefen farar fuskarta. Wayarka lafiyarta ƙalau. Gilashin kyamara ne ba ya tara launukan haske a wuri ɗaya, kuma abin ya fi fitowa inda baƙin gashi ya haɗu da ƙyallin ruwa.

Abokaina a Kurawa sukan tura hoton cikin manhajar AI. Ni ban yarda da wannan ba. Layin zai tafi, amma manhajar takan ƙirƙiro gashin da tsuntsuwar ba ta da shi. A ƙasar Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya sa shiga fadama ya zama kasada, hoton da ka samu shaida ne, bai kamata a gurɓata shi ba.

Ka sa rana a bayanka, ka rage zuƙowa. Sannan ka buɗe Lightroom, ka shiga Optics, ka kunna Remove Chromatic Aberration. In da saura, rage ƙarfin shunayya kaɗan. Minti biyu sun isa.