Ƙaramin Ƙauye Ma Yana da Haƙƙin Mota

Akwai ƙauyuka da yawa a Arewa da ba sa jin ƙugin mota sai ranar kasuwa. Da sassafe akori-kura za ta zo, a loda buhuna, a ɗora awaki, mutane su ɗare saman kaya. Da ta tashi shi ke nan, sai wani makon. Matar da naƙuda ta kama cikin dare ranar Talata, alhali kasuwa sai Juma'a, sai dai a buga wa ɗan acaɓa ƙofa ko a ɗaura wa shanu amalanke. Wasu a hanya suke haihuwa, wasu a hanya suke cikawa.

Idan aka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: mutanen garin ba su da yawa, mota ba ta cika. Daga bakin direba ina karɓar wannan amsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000. Mai iyali ba zai shiga hanyar burji mai cin taya don fasinja huɗu ba. Amma daga bakin hukuma amsar nan zalunci ce. Direba riba yake nema, shugaba kuwa amana ya ɗauka, kuma amana ba ta da ƙaramin gari da babba. Ranar zaɓe ai motoci suna gane hanyar waɗannan ƙauyuka, komai taɓo.

Da wane ma'auni ma ake cewa ba su da yawa? Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Sannan rashin motar ne da kansa yake rage su. Malamin da aka turo firamare ba ya zama, ma'aikaciyar lafiya tana neman canji, tumatirin manomi yana ruɓewa kafin ya ga kasuwa, yarinyar da ta ci jarrabawar sakandare tana zama gida saboda nisa. Matasa sai su tafi ci-rani su ƙi dawowa. Gari ya ragu, a kuma kafa hujja da raguwar a ƙara hana shi. Inda abin hawa ya yi kaɗan kuwa, lodi yake wuce ƙa'ida. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Ƙauye ɗaya ba zai cika mota ba, amma biyar da ke kan hanya ɗaya za su cika ta, idan an sa rana da lokaci kuma ƙaramar hukuma ta ɗauki wani kaso na kuɗin mai. Sau da yawa rashin kwalbati guda ne ke raba gari da duniya duk damina. An kuma taɓa gwada haɗa kai da direbobi an gani: a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk ciyaman da kuɗi ya shigo hannunsa, hanyar ƙauye ce farkon abin da za a tambaye shi.

Kira na ga ciyamomi da kansiloli da masu unguwanni: ku zauna da shugabannin tasha ku fitar da wannan tsari kafin damina ta faɗi. Mu kuma 'yan ƙauyen da muka samu wuri a birni, mu daina jiran ranar jana'iza kafin mu tuna da hanyar gida. Ran mutum ɗaya a ƙauye mai gida talatin daidai yake da ran mutum ɗaya a tsakiyar Kano, kuma Allah zai tambayi kowane shugaba a kansa.